Neman Na'urar da Ba Za Ta Mutu a Hannun Ramatu Ba

Tun da na dawo daga Kano 'yan fadarmu, wato majalisar shayinmu, ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wanda ya zo sai ya ce in ba shi labari, ina cikin bayarwa wani ya iso a ce in koma farko. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa, ni kuma in samu in kurɓi nawa tun bai huce ba.

Sai na fara da abin da ya kai mu, don wasu sun ɗauka yawon buɗe ido muka tafi. Ƙungiyar da nake wa aiki a nan Dogon Dutsi, aikinta awon gonaki da burtali ne. Ni ne mai shiga daji da abin awo, daga Sukukutane har gefen Tibiri, in dawo da lambobi. Ramatu ce ke zaune a buro, wato ofishinmu, tana haɗa lambobin da hotunan da ake ɗauka daga sama, ta fitar da taswira. Taswirar nan ita ake shimfiɗawa gaban mai gari idan manomi da makiyayi suka kafe, kowa yana cewa nan ne iyakarsa. Aiki ne mai cin ƙarfin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda mu muke ce wa ordinater. Wani lokaci sai ta wuni tana niƙa taswira guda.

Na'ura biyu suka mutu a hannun Ramatu, bazara biyu a jere. Ta farko muka ɗauka muka kai wa mai gyara a Doso, ya ce wasan da wutar lantarki ke yi ne ya kashe ta. Muka sayi onduler, akwatin batirin nan mai riƙe wuta in an ɗauke. Ta biyu ta mutu da onduler ɗin a gefenta.

To Ramatu 'yar Lugu ce, mahaifiyarta kuma sananniya ce a harkar bori. Ba a jima ba magana ta fara yawo a gari, wai doguwar gidansu ce ba ta son ƙarfen Nasara. Ba wanda ya taɓa faɗa mata a ido. Abin da ya canza shi ne gaisuwa. A buronmu kowace safiya sai an tambayi kowa iyayensa ɗaya bayan ɗaya, amma tun mutuwar na'ura ta biyu, in aka zo kan Ramatu sai a tsaya a "ina gajiya", ba mai ƙara tambayar tsohuwarta.

Shugabanmu Mushe Garba ne, tsohon malamin lakwal da ya koyar da rabin garin nan, har da ni. Baba Mushe muke ce masa, don a wurinmu Mushe ake kiran malamin boko, daga Faransanci. Mutum ne mai tattali, wanda in ya ba ka aron biro sai ya tsaya har ka gama rubutu. Tun da aka fasa wani shago kusa da mu, ya sa mai walda ya ƙera wa na'urar akwatin ƙarfe, aka shafa masa koren fenti, aka huda ƙananan ramuka biyu a baya don wayoyi. Da safe zai buɗe da makullinsa, ya danna maɓalli, ya mayar ya kulle. Duk baƙon da ya zo sai an nuna masa akwatin nan, mu ma kuwa muna alfahari da shi. Da aka samu kuɗin sayen ta uku, Baba Mushe ya ce a taro, idan ta iso kwamiti zai duba wanda zai zauna gabanta. Kowa ya gane. Ramatu kuwa da albashin nan take riƙe da tsohuwarta da 'yarta.

Aka zaɓe ni in je Kano in sayo ta don ina ɗan taɓa Turancin Ingilishi, aka haɗa ni da Sanusi, ma'ajin ƙungiya. Sanusi ɗan kasuwa ne matashi, mai gemu da ɗangalallen wando, ya san hanyar Kano kamar hanyar gidansu. Baba Mushe ya ce mu tafi da matacciyar na'urar, ko za a karɓe ta a rage mana wani abu. Muka naɗe ta da tsohon bargo muka cusa a buhu.

Babbar motar da ke tasowa daga Yamai muka shiga da hantsi. Ba mu kai Ɗan Kassari ba Sanusi ya buɗe zancen da ya riƙe mu har Maraɗi.

Ya ce, "Masu cewa iska ta ka kashe ordinater, jahilci na da shirka. Iska mi ya haɗa ta da ƙarhe? Amma ni hwa ina da magana guda. Gidan da bai bar tsahi ba, albarka ba ta zama cikinai. Kuma mace da aikin lissahi, sai a hankali."

Na ce, "To ashe kai ma wuri guda kunka sauka da su, hanya ta dai daban."

Bai ji daɗi ba. Na san yana da wani abokinsa na masallaci da ya koyo kwamfuta a Sakkwato yana zaune ba aiki, shi ma kuma ya san na sani. Muka bar maganar muka koma kan farashin wake.

A Ƙonni motar ta tsaya aka yi salla, muka ci tsire mai ƙuli da yawa nama kaɗan. A Galmi wata mata ta shigo da buhun albasa, yaran mota suka ɗora shi kan buhunmu. Na tashi zan yi magana sai na tuna abin da ke ciki ya riga ya mutu, na koma na zauna. Har muka isa Kano na'urar nan warin albasa take. A Maraɗi muka kwana a shagon wani abokin cinikin Sanusi, kan buhunan sukari. Ba na ba kowa shawarar haka, don tururuwa ba ta san baƙo ba.

Washegari muka kama ƙaramar mota zuwa Ɗan Issa. A wurin duwan, wato kwastan, wani jami'i mai furfura ya sa aka kwance buhun. Ya dubi na'urar, ya dube mu, ya tambaya ko tana aiki. Muka ce ta mutu. Ya ce shi a zamansa nan ya saba ganin ana shigo da matattun kaya daga wancan gefe ana cewa sababbi ne, bai taɓa ganin masu fita da matacce suna kuma faɗin gaskiya ba. Ya yi mana takarda don kada a tsare mu in mun dawo da ita. A gefen Jibiya kuwa, da jami'in ya ji na ce "bonjur" sai ya ce in ajiye Faransancina a nan, in na dawo in ɗauka. Muka canza kuɗi, aljihun Sanusi ya kumbura har ya koma tafiya a karkace.

Daga Katsina zuwa Kano direban ya zuba mu huɗu a kujerar mutum uku, biyu kuma a gaba kusa da shi. Wani dattijo da ke gefena, da ya ji harshenmu, ya ce, "Mutanen Faranshi ne? Ina kuka bar raƙuman?" Na ce masa mu Arawa ne, jaki muke hawa. Ya yi ta dariya, ya ɓare goro ya ba ni rabi. Kafin mu rabu ya gargaɗe ni cewa a Kano kada in nuna ina son abu, ko da ruwan sha ne.

Masaukinmu a Fagge yake, gidan fatoman Sanusi, Alhaji Ɗanlami. Dogon ɗaki ne da tabarmi, cike da fatake daga Damagaram da Agadas, kowa ya yi matashi da jakarsa. Abincin gidan ba laifi. Na ci gurasa da aka jiƙa da ruwa aka barbaɗe da ƙuli da yaji, na kuma yarda Kanawa sun fi mu a nan. Amma shayinsu abin tausayi ne. Mu da muka saba zama a dafa na ɗaya, a sha, a jira na biyu, ana hira, can sai a cika maka ƙaton kofi da madara, a miƙo maka burodi, ka shanye a tsaye ka ba wani wuri. Kowa sauri yake. Ko gaisuwa a guje ake yin ta, kana cikin tambayar mutum iyalinsa ya riga ya tsallaka titi.

Layin masu kwamfuta, don can ba mai cewa ordinater, wuri ne da in ka shiga da buhu a kafaɗa sai dillalai su yanyame ka. Wani mai baki kamar rediyo ya ja mu shagonsa ya nuna mana wata na'ura mai gefen gilashi, cikinta fitilu suna canza launi, ja, shuɗi, kore. Ya ce irinta ake amfani da ita a bankunan Turai. Sanusi, mutumin da ko zanen fulawa a bangon masallaci yake kira bidi'a, ya tsaya baki buɗe. Ya raɗa mini cewa in muka kai wannan Dutsi, har daga Matankari za a zo kallo. Da ƙyar na janye shi. Muka shiga shaguna da dama, kowa yana rantsuwa tasa ce ta fi ƙarfi, ba kuwa wanda ya tambaye mu aikin da za ta yi.

Da muka koma masauki a gajiye, Alhaji Ɗanlami ya ce, "Ku je wurin Injiniya Bilki, a saman bene. Ba ta da daɗin baki, amma kayanta ba sa dawowa."

Mace ce mai kimanin shekara arba'in, da tabarau, takardun shaidar karatunta a jere a bango inda ba yadda za a yi ka ƙi ganinsu. Sanusi ya yi sallama yana kallon silin. Ba ta nuna mana komai ba. Ta ce mu zauna, ta fara tambaya kamar likita. Wane aiki? Awa nawa take yi a kunne? Wutarku tana tsayawa? In wani abu ya lalace, ina ne wuri mafi kusa da za ku samu madadinsa? Da na ce Yamai, kuma tafiyar rabin yini ce, sai ta cire tabarau ta goge.

Ta ce, "To ku manta da mai fitilu. Ta 'yan wasan gem ce, kuɗinku zai tafi a kan abin da ba ku buƙata. Ku abin da kuke nema jaki ne, ba dokin sukuwa ba."

Daga nan ta shiga haɗa mana ita a baki kafin ta haɗa da hannu. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar, ta zaɓi mai matsakaicin gudu wadda ba ta cika ɗaukar zafi ba, ta ce gara mai wuni tana aiki da mai tsere ta faɗi. A kan ram ta ce kada mu yi rowa. Na tambayi amfaninsa, ta ce kamar tabarmar shanya ne, in ƙarama ce sai ka yi ta shanya hatsi kaɗan-kaɗan kana kwashewa, in babba ce ka baza gaba ɗaya. Ta kuma nace sai irin wanda ke kama kuskurensa ya gyara da kansa, ko da ya fi tsada. Sanusi ya fara gunaguni, ta ce masa, "Malam, taswirar da za a raba gona da ita kake so lamba ɗaya ta goce ba wanda ya sani?"

Wurin ajiya ta sa faifai ƙarami mai sauri don aikin yau da kullum, da manya biyu masu kwafar juna, in ɗaya ya mutu ɗayan yana nan da komai. Ta ƙara da wani na waje, ta ce duk mako a kwafe aiki a kai shi wani gida daban ya kwana. Wannan ba ta sha wahalar fahimtar da mu ba, ɗan manomi ya san ba a zuba iri duka a rumbu ɗaya. Akwatin wuta na cikin na'urar, wanda dillalan ƙasa ko ambatonsa ba su yi ba, shi ta fi daɗewa a kai. Ta ce nan masu haɗawa ke cuta, su sa mai arha tunda ba a gani, shi kuma in zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai. Ta sa mai kyau, ta ce mu ɗauki na biyu mu ajiye, da fanka guda ta sauyi. Duk kayan ta zaɓi irin gama-gari da za a samu a Yamai. Gidan na'urar kuwa baƙi ne, ƙato, mummuna, da manyan fankoki gaba da baya da raga da ake cirewa a wanke. Allon rubutu ne kawai ta ce mu riƙe namu na gida, don jerin haruffan na Kano ba irin na Faransanci ba ne, mai aikinmu za ta yi ta tuntuɓe.

Sai a ƙarshe Sanusi ya tuna da buhun. Ya tambaya ko za ta karɓi tsohuwar. Ta toshe hanci saboda albasa, ta kwance murfin, ta haska ciki da fitila. Ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Daga Nijar kuka ce? Wata nawa ta yi tana aiki?"

Na ce ta kusa shekara.

"Shekara, a ƙasarku, kuma cikinta fes kamar yau aka fito da ita daga kwali? Ko a nan ofishin mai sanyi ba na samun haka." Ta nuna mana wasu ƙananan gwangwanaye a jikin babban allon da ke cikinta, kawunansu sun kumbura, da wata roba da ta lanƙwashe. "Wannan ba wuta ba ce. Dahuwa ta yi. A ina kuke ajiye ta?"

Sanusi ya ciro wayarsa da murna, ya nemo hoton buronmu, ya miƙa mata daga nesa. Ga Baba Mushe tsaye, hannunsa a kan koren akwati. Ta ƙara girman hoton, ta tambaya ko a ciki take aiki, a kulle. Muka ce ƙwarai, saboda ɓarayi. Ta tambayi zafin garinmu a watan huɗu. Na gaya mata.

Ba ta yi dariya ba, na kuwa so a ce ta yi. Ta ce, "Wanda ya yi wannan ya so ta da yawa. Ita numfashi take yi kamar ku. Ta ja iska mai sanyi ta gaba, ta fitar da mai zafi ta baya. Kun sa ta a tanda kun kulle, tana shaƙar abin da ta fitar. Ko guda goma kuka saya haka za su bi juna. Mai gyaran naku bai gaya muku ba?"

Na ce mai gyara bai taɓa ganin akwatin ba, kullum ɗauka muke mu kai masa.

Sanusi ya ce, a hankali, "Ba laihin mai aiki da ita ba na ke nan?"

Ta ce, "Wace mai aiki? Wadda ta samu shekara guda daga na'urar da ke cikin wannan abin ai sai a ba ta kyauta."

Ta haɗa sabuwar a ranar, ta ɗora mata aiki mai nauyi ta ce sai ta kwana tana yi kafin ta sallame mu. Da muka dawo washegari tana nan tana aiki, lambar zafinta a kan allo ba ta motsa ba. Injiniya ta ɗauko wani babban kwali ta kifa a kanta, ta ce mu kalla. Kafin a jima lambar ta fara hawa, fankokin suka shiga kuka kamar injin niƙa. Ta ɗage kwalin, lambar ta sauko. Ta ce ta ba mu garanti, amma in ta ji an sa ta a akwati, kada mu ko kira ta.

A dawowa na ƙi yarda a sa ta a but ko a saman mota. Muka biya mata kujera. Daga Maraɗi ta zauna tsakanina da taga, na ɗaure ta da rawanina. Masu shigowa suna gaishe mu su gaishe ta. Wata tsohuwa da ta shiga a Madawa ta rasa wuri, ta tsaya kaina tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin an bar ɗiyan mutane tsaye an zaunar da kwali ba. Na ba ta kujerata na koma kan jarka a tsakiya. Kafin Ƙonni ta ɗora ƙwaryar furarta a kan kwalin, ni kuwa idona bai bar ƙwaryar nan ba har ta sauka. A duwan na Ɗan Issa kuwa, tun kafin Maraɗi, mun daɗe, amma takardunmu sun cika, kuma jami'in nan mai furfura ya tambaye mu ina matacciyar. Muka ce an binne ta a Kano.

Abin da ya dame mu a hanya shi ne yadda za a gaya wa Baba Mushe. Mutumin da ya koya maka abacada ba ka tsayawa gaban jama'a ka ce masa shi ya yi ɓarna. Ni na kawo dabara. Na ce mu ce sharaɗin garanti ne, mai sayarwa ta hana a sa ta a akwati, shi ke nan. Sanusi ya yi tunani ya ce ba ƙarya ba ce, ai ta faɗa. Muka tsaya a kan haka. Daga ni har shi ba wanda ya ambaci Ramatu, kuma tun daga Kano bai sake zancen albarka ba.

Mun iso Dutsi bayan la'asar, muka tarar kwamiti duka suna jira a buro. Ramatu tana gefe a kan benci, jakarta a cinya. Baba Mushe ya tarbe mu da fara'a, ya ce kafin mu kwance kaya mu zo mu ga abin da ya tanada. Ya yaye wani zane. Sabon akwati ne, ya fi na da kauri, da kwaɗo biyu. Ya buɗe ya nuna mana ciki. Ya sa an liƙe shi da soson katifa ta kowane gefe, an kuma shimfiɗa bargo a ƙasa, don kada sabuwar ta ji ko ƙwarzane. Daga aljihunsa ya biya.

Na ji tausayinsa ƙwarai. Na faɗi maganar garanti kamar yadda muka shirya. Fuskarsa ta faɗi, ya shafa soson da hannu, ya ce to tunda sharaɗi ne ba yadda za a yi, mutanen birni da iyayi. Na ji sanyi a raina, na ɗauka an wuce wurin.

Sai ya gyara zama ya ce, "To, saura batun wanda za shi zamna gabanta. Ramatu, ɗiyata, kin yi ƙoƙari. Amma dukiyar jama'a ta, kuma sau biyu ke nan. Ina ga ki ɗan huta tukuna, mu gwada wani hannu."

Ramatu ta ce, "To, Baba," ta miƙe ta rataya jakarta. Ni ina kallon igiyar da ke jikin kwalin.

Sanusi ne ya tashi. Ya cire hularsa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

Ya ce, "Baba, ka gahwarce ni. Akwai abin da munka ɓoye. Ba sharaɗi ɗai ba na. Akwatin ga shi yak kashe na'urorin ga biyu. Zahi yad dahe su ciki, an buɗe an gwada muna, mun gani da idonmu. Ba hannun Ramatu ba na, ba kuma iska ba ta. Kowa nan ya san ina da wanda nika so a ɗauka. In na yi shiru yas samu aikin ga, haram za shi ci, ni kau ni ab ba shi."

Baba Mushe ya juyo gare ni ya kira ni da sunan da yake kirana a aji.

"Isuhu, haka na?"

Na ce, "Haka na, Baba."

Ya daɗe yana kallon akwatin. Sannan ya ce, kamar da kansa yake, "Ni dai ɓarawo nika tsoro." Ya ɗauki sandarsa ya fita. Ramatu tana tsaye bakin ƙofa, ta matsa ta ba shi hanya. Ba ta san ko ta tafi ko ta zauna ba, mu ma ba mu sani ba. A ƙarshe ita ta kwance kwalin, don ba wanda ya iya haɗa wayoyin sai ita. Nan muka gano kan wayar wutar mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, ba ya shiga bangonmu, sai da aka je kasuwa neman mahaɗi.

Baba Mushe ya yi kwanaki bai leƙo buro ba. Wasu a gari suka ce Sanusi ya yi rashin kunya, wasu suka ce ya yi daidai, aka samu abin tattaunawa a fada. Ramatu tana zuwa kullum tana aiki, ba wanda ya ce ta zo, ba wanda ya ce kada ta zo.

Ran da ya dawo, tare da mai walda ya zo. Bai yi wa kowa bayani ba. Ya sa aka fitar da sabon akwatin waje, aka ɓamɓare soson, aka yanke gefunan duka, aka mayar da sandunan ƙarfe a tsattsaye da tazara, ya koma kamar kejin kaji. Aka kafe shi a ƙasa da siminti. Ya sa aka shigar da na'urar, ya kulle kwaɗonsa biyu, sannan ya durƙusa da ƙyar ya kai tafin hannunsa bayanta, ya ji iskar da ke fita. Ya tambayi Ramatu lambar zafin da aka ce ana gani a allo. Ta nuna masa. Ya ce ta riƙa duba ta kullum, in ta hau ta gaya masa.

Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba sosai.

Ya ce, "Ramatu, yaushe za ki Lugu?"

Ta ce, "Ran Juma'a, Baba, in Allah ya so."

"To in kin tahi ki gaishe min da tsohuwa. Ki ce mata Garba na gaishe ta."

Hannunta ya tsaya a kan allon rubutu. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Za ta ji, Baba."